Ga Yashi a Gulbi, Wa Ya Aike Ka Bahamas?

To, ku gama dariyar tukuna, ina jira. Na san tun daga kan take wasunku suka ajiye kofin shayi suka ce, "Mi yac ce? Yashi za a sawo daga ƙasar waje?" Ƙwarai kuwa, yashi, a buhu, da hatimi, da farashin da in ka ji shi sai ka nemi wurin zama. Duk wanda ya ƙudurta zai kafa tankin gilashi na ruwan gishiri, ya rayar da murjani da kifayen teku a falonsa, a Gusau yake ko a Tsafe ko a Bilbis, abin da zai shimfiɗa a gindin tankin shi ne zai fara haɗa shi faɗa da dangi.

Na ji wani dattijo daga can baya yana cewa mutane na fama da abin da ya fi wannan, wasu ko gonarsu ba sa iya zuwa, ni kuma ina zancen kifin kallo. Gaskiyarka, Baba, Allah ya kawo mana sauƙi. Amma ko a shekarar fari ba a rufe majalisar mai shayi ba, kuma kai ma na ga ba ka tashi ba.

Bari in fara da kai, Alhaji, tunda kai ka fi kowa ɗaga murya cewa yashi ai yashi ne. Lokacin da kake ginin gidanka, da direban tifa ya juye maka yashi mai laushi a inda za a buga bulo, me ka ce masa? Da birkila ya ce ba zai yi filasta da mai tsakuwa ba sai an tankaɗe, ka ce masa yashi yashi ne? Ba ka ce ba. Har hannu ka sa ka damƙa, ka murza, ka ce wannan da laka a ciki, a mayar. Ashe dai ka san bambanci, a tankin wani ne kawai idonka ke rufewa. Kuma kada ka ɗauka mu kaɗai ne masu wannan tsirfa: ƙasashen Larabawa da hamada ta kewaye su sukan nemo yashin kankare daga wani wuri, don rairayin hamada iska ta goge shi ya yi sulɓi, ba ya kama siminti yadda ake so.

Yashinmu kuwa kowa ya san mahaifinsa. Ka tsaya a hanyar Tsafe zuwa Gusau ka ɗaga kai ka dubi dutsen Kwatarkwashi. Irin waɗannan duwatsu ne rana da ruwa suke ta ci tun zamanin da babu mai ƙirga shekaru, damina ta kwashe garin ta zuba a ƙoramu, ƙoramu su miƙa wa Gulbin Sakkwato da ya taso daga wajen Funtuwa ya ratsa Gusau da Bunguɗu. Mafi yawan ƙwayarsa kwatz ce, farin dutsen nan mai ƙyalli da masu haƙar zinariya ke bin jijiyarsa. Shi kuwa farin yashin da ke kwance a gindin murjani a teku, ba daga dutse ya fito ba. Ragowar masu rai ne: ƙashin murjani, kwanson dodon koɗi, ɓawon wasu tsirran ruwa masu tauri. Sinadarinsa ɗaya da na alli da ɓawon ƙwai, kuma nau'in da masu tanki ke nema shi ake kira aragonait.

Ba ku yarda ba? Gani ya kori ji. A samo faranti biyu, a zuba yashin ƙoramar Bilbis a ɗaya, a daka ɓawon ƙwai a zuba a ɗayan, a tsiyaya musu ruwan khal. Ɓawon zai fara tsattsafo da kumfa yana 'yar ƙara. Yashinku zai yi shiru abinsa, ko a jikinsa. Da wannan gwajin ake kama ɗan kasuwar da ya cika buhu da farin yashin gini ya ce na teku ne.

Yanzu ga wadda za ta ba ku abin yi mini dariya har sati. Akwai wani kifi a teku, haƙoransa sun haɗe sun zama kamar bakin aku. Aikinsa gatsar dutsen murjani don ya ci gansakukar da ke jiki. Yana niƙe dutsen a maƙogwaro, ya fitar da shi ta baya, fari tas. Babba daga cikinsu yakan fitar da ɗaruruwan kilo a shekara. Masu bincike da suka auna a tsibirin Vakkaru na ƙasar Maldibs, a wani aiki da aka buga a 2015, sun samu fiye da kashi 85 cikin 100 na sabon yashin da ake samu a wurin daga cikin wannan kifi yake fitowa. E, Hajiya, kin ji daidai: wani sashe na yashin da Turawa ke shimfiɗa tawul a kai su kwanta, ta wannan hanya ya zo duniya. Ki rufe bakin haka nan.

Amma kafin ku ce mai sayen kayan teku da kuɗinsa ya zautu, ku tuna da kakanninku. Wurin da suka yi ciniki da shi, suka biya sadaki da shi, suka sayar da shanu da gero suka karɓa a buhu, daga ina ya zo? Kwanson wani ɗan dodon koɗi ne na tekun Indiya, akasarinsa daga wannan Maldibs ɗin. Bature Barth da ya shiga Kano a 1851 ya tarar wuri 2,500 ake ba da dalar azurfa ɗaya. Kuma kwanson nan aragonait ne. Har yau masu tankin murjani suna sayen dabbar da ranta su saka ta a ciki don ta riƙa lashe musu gansakuka. Wato abin da kakanka ya tara ya zama attajiri, shi wani yake ɗauka aikin shara a tankinsa a Jamus. To wa ya fara wa?

Shi kuwa yashin buhun da masu tanki ke saye, da yawansa daga Bahamas yake, can kusa da Fulorida ta Amurka, inda ruwa ba shi da zurfi kuma da ɗumi. A can sinadarin ke daskarewa a jikin ƙananan ƙwayoyi, igiyar ruwa tana mirgina su har su zama 'yan mulmulallu marasa kaifi. Rashin kaifin nan ku riƙe shi, zai yi mana amfani.

A nan zan ba ku naku. Kwatz ba guba ba ce. Da ƙyar take narkewa a ruwa, kuma akwai masu tankin da suka yi shekaru da tsabtataccen yashin kwatz murjaninsu na ƙiba. Zancen da ake yawan yi cewa ita ce ke jawo gansakukar nan mai ruwan ƙasa da ke rufe sabon tanki, masana kansu ba su daidaita a kai ba, don sabon tanki kusan kowane iri sai ya yi wannan dattin a makonnin farko, ya wuce. Haka mai shago da zai rantse maka cewa aragonait zai riƙe maka ma'aunin tsamin ruwa da kalsiyam shi kaɗai, ya ƙara gishiri a miyar. Ruwan teku yana tsayawa ne a wajen 8.1 zuwa 8.3 a ma'aunin pH, aragonait kuwa ba ya narkewa sosai sai ruwan ya sauko ƙasa da haka da nisa, lokacin da murjaninka ya riga ya fara jin jiki. Yana taimakawa kaɗan daga can cikin shimfiɗar, amma ba zai ɗauke maka awo da ƙarin sinadari ba.

Laifin yashin gulbi yana cikin abin da ya kwaso a hanya. Ya biyo ta gonaki, ya sha takin zamani da maganin feshi. Ya biyo ta mashayar shanu da wurin wanki da inda ake wanke babura. Akwai laka, akwai ƙarfe. Ka ja maganaɗisu a cikin busasshen yashi ka ga baƙin garin da zai manne masa. Murjani da jatan lande da dodon koɗi, jan ƙarfe ɗan ƙanƙani da ido ba zai gani ba ya isa ya gama da su. Mu a Zamfara ba ma bukatar a yi mana dogon bayani cewa ƙasa tana iya ɓoye abin da ke kisa. Abin da dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010 bai bar zukata ba, kuma a nan babu zolaya.

Sai kuma tauri. A ma'aunin taurin duwatsu kwatz tana kan 7, gilashi yana wajen 5.5, aragonait bai wuce 4 ba. Ƙwaya ɗaya ta kwatz ta maƙale a abin goge gilashi, ka ja, ka yi wa tankinka tsaga daga wannan kusurwa zuwa waccan, kuma ba ta gogewa. Kifin da ke cusa kansa cikin yashi ma jikinsa zai gaya masa.

Wani mai wayo zai ce to a je Legas a ɗebo a bakin teku mana, ai teku teku ce. Ɗan'uwa, ka yi asarar kuɗin mota. Yashin gaɓarmu shi ma kwatz ne, garin duwatsun tudu da koguna suka kai can. Gaɓar Afirka ta Yamma ba ta da manyan tsaunukan murjani irin na Bahar Maliya ko Ostareliya, kuma cikin dalilan har da ruwan daɗi da laka da manyan koguna irin Neja ke zubawa. Murjani ba ya son ruwa mai duhu. Kai kuma Alhaji da ka taɓa leƙa gidan kifin Fakieh a Jidda ka dawo kana ba da labari, na ga idonka na ƙyalli. Kada ka soma. Ba a cika jarkar Zamzam da rairayin bakin tekun Jidda ba, kilon kayanka ma da ƙyar ya ɗauki dabino.

Ga abin da zai ɓata wa mutanen Tsafe rai. Teku ta taɓa zuwa arewa, amma Sakkwatawa ta ziyarta. Masana duwatsu sun nuna cewa wani reshen teku ya taɓa ratsa Sahara ya kwanta a kan ƙasar da take Sakkwato a yau. A wajen Goronyo aka tono ƙasusuwan wani ƙaton ƙadangaren teku da ya rayu fiye da shekara miliyan 65 da suka wuce, har aka raɗa masa sunan garin, Goronyosaurus. Farin dutsen Kalambaina da ake ƙona siminti da shi, kwantaccen gindin wannan teku ne, da kwansunan dabbobinta a ciki. Na ji ka, Malam, kana tambayar wa ya zauna ya ƙirga miliyan 65. Ka bar wannan gardama sai mun gama ta yashi. Shi dutsen Kalambaina zai yi kumfa a ruwan khal, ba shakka. Sai dai in an niƙa shi kaifi gare shi, ga ƙura, ga laka, kuma ƙasar wajen Dange da Shuni an san ta da fosfet, wanda shi ne abincin gansakuka na farko. Wanda bai da ɗakin gwaje-gwaje a gidansa, kada ya gwada da dabbar da ya saya da dala.

To an yarda za a sayi aragonait. Wane iri? A nan ne ainihin zaɓin yake, kuma abu biyu ke yanke hukunci: ƙarfin igiyar ruwan da za ka kunna, da wanda zai kwana a ƙasan.

Murjani ba ya tafiya neman abinci, ruwa ke kawo masa kuma ruwa ke kwashe masa datti, don haka tankinsa kullum famfuna na kaɗa shi, musamman irin masu rassa da tauri. Ka shimfiɗa mai laushin nan da ƙwayarsa ba ta kai rabin milimita ba, don ka gan shi a hoto ya yi maka kyau, ka kunna famfo, sai ka wayi gari hunturu ya sauka a cikin gilashi: tudu a wannan kusurwa, gilashi tsirara a waccan, garin kuma ya bi ya zauna a kan murjanin yana shaƙe shi. Ka ce to bari in gudu can ɗaya ɓangaren, ka sayi dakakken murjani mai manyan ƙwayoyi, milimita 3 zuwa 5. Shi ba ya tashi, gaskiya ne. Amma ramukan da ke tsakaninsa rumbu ne na ragowar abinci da kashin kifi. Bayan 'yan watanni ruwa ya cika da naitret, gansakuka ta yi sallama, kana ta neman wanda ya yi maka baki. Ruwa ba ya tsami banza. Ni a ganina wanda zai fara, ya tsaya a milimita 1 zuwa 2: yana da nauyin da zai zauna, ba shi da ramin da zai ɓoye ƙazanta da yawa.

Sannan a tambayi masu gida. Kifin nan mai ratsin fari da ruwan lemo da yaranku suka sani a fim ɗin Nemo, shi babu ruwansa da ƙasa, ko kan gilashi ka bar shi zai yi harkarsa. Amma akwai wasu 'yan kifaye da ake kira ras, waɗanda in magariba ta yi ko suka tsorata sai su nutse cikin yashi su ɓace, sai da safe. Waɗannan suna son mai laushi, mai zurfin da zai rufe su, in ba haka ba su yi ta ƙuje baki. Akwai kifin gobi mai cika baki da yashi ya tace abinci ya fesar da sauran ta kunnuwa, wuni guda yana yi maka tankaɗe kyauta, sai dai ba ya duba inda yake zubarwa. Akwai kuma wani mai faɗin baki da ke haƙa rijiya ya jera mata ɓaraguzai a gefe don kada ta rufta. Shi sai ka haɗa masa mai laushi da gutsattsarin kwanso, kuma da zurfi. Saboda irin waɗannan mahaƙa ne ake fara dasa duwatsu a kan gilashin ƙasa kafin a zuba yashi. Wanda ya ɗora dutse a kan yashi, ranar da aka yi masa rami a ƙarƙashi zai ji ƙarar da ba zai manta ba.

Zurfi kuma gida biyu ne. Ko ka yi shi sama-sama, santimita 2 zuwa 4, ka riƙa zuƙe dattinsa duk lokacin canjin ruwa. Ko ka yi shi da gaske, 10 zuwa 15, na mai laushi, ka bar tsutsotsi da ƙananan halittu su yi ta kai da kawo a samansa. A can ƙasa inda iska ba ta isa sosai, wasu ƙwayoyin bakteriya suna karya naitret ya fice a matsayin iska. Farfesa Jean Jaubert ya yi suna da wani salo na wannan a gidan kifin Monako a ƙarshen shekarun 1980, inda ya bar fili na ruwa a ƙarƙashin shimfiɗar. Sharaɗin mai zurfi ɗaya ne: ba a tona shi. Ranar da ƙaninka mai son taimako ya sa hannu ya burkita shi, warin ruɓaɓɓen ƙwai zai tashi, kuma wannan iskar guba ce ga duk abin da ke cikin tankin.

Ku kawo lissafin, don na san jira kuke. Tanki mai tsawon santimita 120 da faɗin 45, a shimfiɗa masa zurfin 3, lita 16 da ɗoriya ke nan, wajen kilo 23 ko 24. Bai kai rabin buhun siminti ba. In kuwa za a yi mai zurfin 12, an doshi buhu biyu, kuma ko ta jirgi ya zo ko ta ruwa, nauyi ake biya. Wannan kaɗai ya isa ya sa ɗan Gusau ya so sama-sama.

Akwai wanda ake sayarwa a jiƙe, a ce maka "mai rai" ne, wato da bakteriyarsa a ciki. A inda aka ɗura shi, wataƙila. Amma buhun da ya sauka a Legas, ya kwana a sito, ya hau bayan tirela ya bi ta Funtuwa a cikin bazara, ni ba zan rantse a kan ransa ba. Ka sayi busasshe, ka wanke shi a bokiti har ruwan ya daina fari, ka bar tankin ya yi sati huɗu zuwa shida yana girka bakteriyarsa kafin kifi ya shiga. Za su zo da kansu, ba su taɓa neman biza ba.

Na ga Hajiya ta ɗaga hannu tana tambayar ko a kawo gishirin miya. A'a. Lita guda ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri wajen giram 35, amma ba na miya kaɗai ba, da magniziyam da kalsiyam da sauransu, don haka shi ma haɗaɗɗe ake saye. Kanwar da kike jiƙawa dai 'yar'uwa ce ga garin da masu tanki ke ƙarawa don kada ruwa ya yi tsami, sai dai taki da ƙasa a ciki. Kuma a'a, ba a cin kifin.

Saura in faɗi abin da na ɓoye tun farko, don na san da na fara da shi da ba ku bar ni na kai nan ba. Da yawa daga cikin gwanayen masu murjani mai rassa ba sa zuba yashi ko ƙwaya. Gilashi tsirara, famfo a buɗe, datti ba shi da maɓoya. Sun rasa farin ƙasa mai kyan gani, sun rasa kifayen da ke haƙa, amma sun huta. To ku yi tafin, Alhaji, na ba ka wannan.

Kuma ga wata a kai. Murjani yana son ruwa tsakanin digiri 24 da 27. In ya haura 30 ya daɗe, sai ya kori 'yan tsirran da ke zaune a jikinsa suna ciyar da shi, ya yi fari fat, ya kama hanyar mutuwa. Gusau a watan Afrilu kuwa 40 ba baƙo ba ne. Famfo kuma in ya tsaya na wasu sa'o'i iskar ruwan ta ƙare, kuma ba sai na gaya muku yadda wuta take a garuruwanmu ba. Don haka kafin ka aika a sawo maka ko kilo ɗaya, ka cika babban baho da ruwa, ka ajiye shi a ɗakin da kake nufi, ka jefa ma'aunin zafi, ka riƙa dubawa da la'asar har bazara ta wuce. In ba ka da sola da batir da na'urar sanyaya ruwa da za su riƙe shi ƙasa da 28 dare da rana, to Baba ya ci gardama. Ka cika tankin da ruwan burtsatse, ka sa 'yan karfasa, ka aika yaro da baro ya ɗebo maka na ƙoramar Bilbis. Shi ma ɗin sai ka wanke, Alhaji, kada ka ce ban faɗa ba.